Injinan Zubin Roba a Akra: Tambayoyi da Amsoshi kan Sabbin Na'urori da Makomar Masu Aiki

Bokiti, baho, kwandon wanki, kujerar da ake jerawa a wurin suna, akwatin kwalaben lemo, murfin gorar ruwa, duk hanya ɗaya suke bi kafin su iso Makola ko kasuwar Nima. Injinan da ke zuba su suna unguwar masana'antu ta arewacin Akra, da titin Spintex, da Tema, kuma samarinmu na Zango da yawa daga Nima, Mamobi, Madina da Ashaiman a gaban waɗannan injinan suke kwana. Yanzu injinan sun fara canzawa. Wasu sun zo da hannun ƙarfe, wasu suna aika rahoto ta kwamfuta, magana ta yi yawa, tsoro ya shiga. Na daɗe ina gyara da saita irin waɗannan injinan, shi ya sa na tattara tambayoyin da ma'aikata da 'yan kasuwa da iyaye suka fi yi mini.

Masta, yaya ma injin yake aiki?

Roba tana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya a buhu, yawanci mai kilo 25. Ana zuba ta a mazurari, ta faɗa cikin wani dogon bututun ƙarfe da aka naɗe da hita. A cikin bututun akwai sukuru mai juyawa, yana murza robar yana tura ta gaba har ta narke. Robar kujera da bokiti, wato PP da HDPE, tana so ne tsakanin digiri 200 da 260 a ma'aunin Salshiyos. Idan narkakkiyar ta taru a baki, sai sukurun ya daina juyawa ya danna ta da ƙarfi cikin mol, ƙarfen da aka sassaƙa siffar kayan a cikinsa. A ci gaba da dannawa kaɗan don cike gurbin da robar ke bari in ta fara tsukewa, ruwan sanyi yana zagaya cikin mol ɗin har ta daskare, sannan mol ya buɗe a turo kayan waje.

Mol kamar tandar masa yake: akwai mai rami ɗaya, akwai mai ramuka da yawa. Kujera ɗaya ake fitarwa a kowane zubi, amma murfin gora ana iya fitar da 32 ko 48 a lokaci guda. Girman inji kuwa da tan ake faɗarsa, ma'ana ƙarfin da yake matse mol kada ya buɗe lokacin dannawa. Injin kujera yana kai wa tan 1,000 ko kusa da haka.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A 1872 John Wesley Hyatt ya yi rajistar injin farko a Amurka, a 1946 kuma James Watson Hendry ya fito da mai sukuru, wanda har yau a kan tsarinsa ake.

Buta da jarka ma haka ake yin su?

A'a. Abu mai ciki da ƙaramin baki hura shi ake yi da iska a cikin mol, injinsa daban. Gorar ruwa kuma biyu ta haɗa: a fara zuba ɗan ƙaramin bututu mai bakin gora da robar PET, sannan a dumama shi a hura.

Da ake cewa masana'anta ta koma mai sarrafa kanta, me ake nufi?

Mutane suna jin kalmar sai hankalinsu ya tafi ga mutum-mutumi mai yawo a fili. Abin da ke ƙasa ya fi haka sauƙi, kuma hawa-hawa ne. Mataki na farko shi ne famfon iska da ke zuƙo ƙwayar roba ya kai ta mazurari, maimakon yaro ya hau tsani da buhu a kafaɗa. Sai na'urar da ke auna launi ta gauraya shi daidai, ba da gwangwani ba. Sai bel da ke kwashe kaya daga ƙarƙashin inji. Daga nan ne ake zuwa ga hannun ƙarfe da ke saukowa daga sama idan mol ya buɗe, ya ɗauko kayan ya ajiye a jere. A can ƙarshe akwai kyamara mai duba kowane kaya ta ware mai aibi, da hannun da ke saka takardar tambari cikin mol kafin zubi, yadda za ta fito a manne da roba, irin wadda ake gani a jikin robar man shanu da ta fenti.

Ba dole masana'anta ta hau duka ba. Na ga wuraren da mataki biyu na farko kawai suka ɗauka, kuma aikinsu ya gyaru sosai.

Gaskiya tsakani da Allah, wannan hannun ƙarfen ba korar mu zai yi ba?

Ƙanena, ba zan rufe ka ba. Aikin da ya tsaya ga buɗe ƙofa, ciro bokiti, yanke geza (rarar robar da ke fitowa a gefen kaya) da reza, rufe ƙofa, wannan aikin yana kan hanyar raguwa. Inda a da kowane inji yake da mutum ɗaya, za a wayi gari mutum ɗaya yana kula da huɗu ko biyar. Duk wanda ya ce maka ba haka ba ne, lallashinka yake yi.

Amma ka san dalilin da ya sa masu masana'anta suke son hannun ƙarfe, domin a nan ne za ka gane inda ƙofarka take. Ba albashin ma'aikaci ne ya fi ci musu tuwo a ƙwarya ba, roba da wuta ne. Abin da hannun ƙarfe yake ba su shi ne daidaito. Mutum da ƙarfe uku na dare ya gaji, wani zubi ya buɗe ƙofa da wuri, wani ya yi jinkiri. Duk jinkiri yana sa robar cikin bututu ta ƙara dahuwa, mol ya ƙara hucewa, kaya su fito ba iri ɗaya ba. Hannun ƙarfe ba ya gyangyaɗi, to sai ɓarna ta ragu.

Shi kuwa hannun, wa zai koya masa inda zai tsaya? Wa zai gano cewa robar tsotson da yake kama kaya da ita ta tsage, ko iska ta yi ƙasa, ko waya ta tsinke a cikin sarƙa? A yau idan irin wannan ta faru a masana'antu da yawa, sai a tsaya jiran injiniya daga waje, ko a kwana ana kiran China ta bidiyo. Wannan gurbin ne yake damuna, domin a buɗe yake, kuma yaran da suka shekara biyar a gaban inji sun fi kowa sanin kukansa. Abin da ya rage musu shi ne karatun zanen wuta da sanin allon saiti. Ina jin ciwo idan na ga yaro mai kaifin kai ya tsufa a kan yanke geza don ba wanda ya taɓa ce masa ya matso ya duba allo.

Ina da 'yan injina, kuɗi sun ɗan samu. In sayi hannun ƙarfe?

Alhaji, kafin ka saya ka ɗauki agogo ka tsaya a gaban injin. Daga rufewar mol zuwa sake rufewarsa, daƙiƙa nawa? A ce 30. Inji da bai tsaya ba zai yi zubi 2,880 a awa 24. Idan ka rage daƙiƙa uku kacal ya koma 27, zubi ya zama 3,200. Ƙarin kaya 320 ke nan kullum ba tare da ka sayi inji ba.

Ina daƙiƙa ukun za su fito? Mafi yawa daga sanyaya, domin fiye da rabin lokacin zubi jiran roba ta daskare ake yi. Je ka duba hanyoyin ruwa na cikin mol. Sau da yawa za ka tarar tsatsa da dattin ruwan rijiyar burtsatse sun toshe su, ko an haɗa tiyo ɗaya ya zagaye mol duka har ruwan ya yi zafi kafin ya fita, ko injin sanyaya ruwa ya yi wa aikin kaɗan. Wanke waɗannan hanyoyin da gyara haɗin tiyo kuɗinsu bai kai komai ba idan aka gwada da hannun ƙarfe.

Sai ka kula da wani abu na garinmu. Iskar Akra da Tema tana da laima. Idan ka sanyaya ruwa fiye da kima, mol zai fara gumi, kaya su fito da tabo, ƙarfe ya yi tsatsa. Sanyi da yawa ba shi ne gwaninta ba.

Na biyu, canjin mol. Akwai inda sauke wani a ɗora wani yake cin rabin yini, ana neman sifana, ana neman tiyo. Wani injiniyan Japan, Shigeo Shingo, ya yi suna ne a kan koyar da yadda za a mayar da irin wannan canji ƙasa da minti 10, kuma tushen dabararsa shi ne a shirya komai tun inji yana kan aiki. Ka gyara waɗannan, sannan ka kawo hannun ƙarfe. In ka ɗora shi a kan injin da saitinsa ke rawa, zai riƙa jera maka ɓatattun kaya ne cikin tsari.

To shi kuma haɗa inji da kwamfuta, me yake ƙarawa?

Yana hana gardama. Manaja ya ce inji ya yi aiki dare duka, ma'aji ya ce kaya ba su cika ba, mai aikin dare ya ce an ɗauke wuta. Idan inji da kansa yana rubuta lokacin da ya tsaya, da daɗewar tsayuwar, da yawan zubin da ya yi, magana ta ƙare, sai a koma neman dalili.

Abu uku ake aunawa: kashi nawa na lokaci injin ya yi yana aiki, da saurinsa idan aka gwada da yadda ya kamata, da kashi nawa na kayan suka fito lafiya. Ana ninka su ne da juna. Wanda ya samu 90 cikin ɗari a kowanne yana ganin ya yi ƙoƙari, amma idan aka ninka, kusan 73 ya rage. Fiye da rubu'in ƙarfin injinsa ya tafi bai sani ba.

Jamusawa ne suka yayata wannan tafiya a baje kolin Hanoba na 2011, suka kira ta juyin masana'antu na huɗu. Masu ƙera injinan roba a Turai kuma sun amince da yare ɗaya mai suna Euromap 77, yadda injinan kamfanoni daban-daban, kamar na Engel da na Arburg, za su iya kai rahoto ga manhaja ɗaya. Idan za ka sayi sabon inji, ko na Haitian ne daga China, ka tambaya ko yana jin wannan yaren. Tsohon inji ma ba a bar shi a baya ba: ana iya liƙa masa ɗan akwati mai ƙirga buɗewa da rufewar mol ya tura wa waya. Kai, ko littafi da biro, muddin za a rubuta kowace tsayuwa da dalilinta da gaskiya, an fara.

Wani amfanin da ba a cika faɗa ba shi ne adana saiti. Mun saba da masta ya riƙe lambobin kowane mol a kansa, ran da ya yi tafiya gida ko ya yi fushi, masana'anta ta tsaya. Ina girmama manyanmu, su suka koya mana, amma ɓoye saiti ba ya ƙara wa kowa daraja. Allon inji yana iya ajiye saitin kowane mol da sunansa. A ajiye, a kuma kwafe a wani wuri. Sai dai a kiyaye: kada kowa ya riƙa cusa filashinsa a jikin inji, kuma kada a haɗa injina da intanet ɗin da ake kallon ƙwallo da shi a ofis.

Kuɗin wuta yana kashe mu. Sabbin injina suna da magani?

Suna da shi. Tsohon inji mai aiki da matsin man da famfo ke turawa, famfonsa yana gudu ne ko da ana jiran roba ta huce, wutar tana tafiya a banza tana dumama mai, sannan ka sake kashe wata wutar wajen sanyaya man. Mai moton servo kuwa sai an bukaci ƙarfi yake juyawa, da kunne ma za ka ji ya yi shiru a tsakiyar zubi. Ana iya sauya wa tsohon inji famfo zuwa irin wannan. Akwai kuma wanda ba ya amfani da mai sam, lantarki zalla, wanda Japanawa suka fito da shi a shekarun 1980. Ya fi daidaito da tsabta, ya dace da kayan asibiti da ƙananan kaya masu bukatar awo, amma yana da tsada kuma ba ya son wuta mai hawa da sauka. Mai yin baho da kujera, a ganina, servo ya ishe shi. Ka kuma naɗe bututun hita da bargonsa na hana zafi fita.

Wanda ya yi aiki a shekarun dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, musamman 2015, ya san abin da yankewar wuta take yi. Roba ta daskare a bututu, kuma idan wuta ta dawo aka yi gaggawar juya sukuru kafin cikin ya narke sosai, kan sukurun yana iya karyewa. A jira, ko da allo ya nuna zafi ya kai. Na'urorin zamani sun fi tsofaffi laushi, saboda haka kuɗin kariyar wuta da batirin riƙe allo yana cikin kuɗin inji, ba ƙari ba ne. Lokacin hunturu kuma a riƙa share matatar iskar akwatin wuta, ƙura tana kashe katin lantarkin da ke ciki.

Robar da aka tsinto aka sake narkawa, tana da kyau?

Tana da kyau idan an san inda za a sa ta. Sabuwar ƙwayar roba daga waje take shigowa ta tashar Tema, da dala ake sayenta. Wanda ya ga yadda sidi ya faɗi a 2022, har hauhawar farashi ta wuce 50 cikin ɗari a ƙarshen shekarar, ya san dalilin da ya sa masana'antu suka ƙara rungumar tsohuwar roba. Iyayenmu mata da ke tsintar ledar ruwa da gora, da samarin da ke sayen fasassun kujeru da baho, su ne farkon wannan layin, kuma sun cancanci a saya a hannunsu da daraja.

Matsalarta ita ce ba ta da hali ɗaya. Buhun yau ya yi ruwa-ruwa, na gobe ya yi kauri, wani da yashi, wani da guntun ƙarfe. Nan fasahar zamani take da amfani na gaske. Akwai injinan da ke jin nauyin dannawa a kowane zubi su gyara da kansu, akwai kuma 'yar na'urar da ake binnewa cikin mol tana auna matsin roba. Amma kafin a kai can, a raba roba tun daga tushe. Lambar da ke cikin alamar kusurwa uku a gindin kaya tana faɗa: 1 PET, 2 HDPE, 5 PP. A wanke, a busar, a sa maganaɗisu a mazurari. PET kuwa ko sabuwa ce sai an busar da ita awanni a na'urar busarwa, in ba haka ba ta yi rauni.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki robar bola da ba a san me ta taɓa ɗauka ba a yi kwanon abinci ko kofin yara. A yi kwandon shara da ita, da tukunyar fure, da abin rataye kaya.

Inji na hannu fa, a saya?

A saya, amma a gan shi yana zubi da mol, ba yana buɗewa da rufewa a banza ba. A duba sandunan ƙarfe huɗun nan ko akwai tsaga, a duba cin da sukuru da bututu suka yi, a auna nauyin kaya goma a jere a ga ko sun yi daidai. A tabbata har yanzu ana samun katin allonsa a kasuwa, kuma an ba da lambar sirrin shiga saiti.

Ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana, ta shigo wannan sana'a?

Ta shigo, musamman wajen kyamarar duba aibi da hasashen lokacin da famfo ko hita za su lalace. Sai dai da bayanan da aka tara take koyo. Masana'antar da ba ta rubuta komai ba, ba ta da abin ba ta.

Me ya sa ake cewa kada a ɗaure makullin ƙofar inji?

Domin abin da ke matse ƙarfe da tan ɗari-ɗari ba ya bambanta roba da hannu. Ƙofar tana da makullan da ke hana mol rufewa in tana buɗe. Wasu suna ɗaure su da waya don a yi sauri, wani lokaci da sanin shugabanni. Ɗan'uwa, ko wa ya ce ka yi, kada ka yi. In za ka shiga tsakanin mol, kashe inji, ka sa kwaɗonka a kan makunni, mabuɗin yana aljihunka. Hannun ƙarfe ma a kewaye shi da shinge. Narkakkiyar roba kuma tana manne wa fata, saboda haka safar hannu da kariyar fuska wajibi ne lokacin wanke bututu. Dokar masana'antu ta 1970 ta ɗora wa mai wurin alhakin tsare injina masu haɗari, ba alfarma yake yi maka ba.

Me ya hana mu ƙera mol a nan gida?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a riƙa yi. Yawancin manyan mol daga waje ake kawo su, musamman China, kuma wani mol ɗin ya fi ƙaramin inji tsada. Ma'ana siffar kujerar da muke zama a kai, wani ne can ya yanke ta. Idan ɗan ƙarfe ya karye a ciki, a jira jirgi.

Hannu ba shi muka rasa ba. Duk wanda ya shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi, ya ga abin da maƙera da masu injin gyaran ƙarfe suke fitarwa. Amma mol yana son awo da ya fi silin gashi ƙanƙanta, da ƙarfe na musamman, da injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta, da wanda ke cin ƙarfe da tartsatsin wuta. Yau akwai manhaja irin su Moldflow da ke nuna yadda roba za ta gudana tun ba a yanka ƙarfe ba, akwai kuma injin da ke gina ƙarfe hawa-hawa, wanda ke ba da damar hanyar ruwa ta bi lanƙwasar kaya, abin da injin huda ƙarfe ba ya iyawa. Ba sai mun fara daga can ba. A fara da gyara: walda, goge fuska, sauya fil, ƙera ƙananan mol na maɓalli da murfi da abin maƙale waya. Tunda sakatariyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka tana nan Akra, kuma an buɗe ciniki a ƙarƙashinta tun Janairun 2021, mai gyaran mol na kirki ba Ghana kaɗai zai yi wa aiki ba.

Ɗiyata ta gama sakandare tana son wannan fanni. Na mace ne? Ina za ta koya?

Hajiya, na mace ne ƙwarai. Saiti da zane da duba inganci ba ƙarfin damtse suke so ba, natsuwa suke so. Ta nemi fannin lantarki na masana'antu, ko na injina, ko wanda ya haɗa biyun. Akwai Cibiyar Koyon Fasaha ta Akra da ke Kokomlemle, da makarantun fasaha na Tema da Kumasi, da jami'o'in fasaha na Akra da Kumasi, da jami'ar KNUST ta Kumasi ga mai son digirin injiniya. Gidauniyar GRATIS a Tema ma tana koyar da aikin ƙarfe. Ku je da kanku ku tambayi kwasa-kwasan da ake yi a bana da sharuɗɗan shiga.

Abin da za ta riƙe da kyau: karanta zanen wuta da na mai, sarrafa ƙwaƙwalwar inji da ake kira PLC, zane a kwamfuta, da amfani da ma'aunin ƙarfe. Lokacin koyon aiki a masana'anta kuma ta roƙa a sa ta kusa da mai saita inji, kada a bar ta a wajen ƙirga kaya. Ta riƙe ɗan littafi, duk kayan da ya fito da aibi, ko bai cika ba, ko ya yi geza, ko ya lotsa, ko ya ƙone a gefe, ta rubuta abin da aka taɓa a allo har ya gyaru.